Tarihin Gwajin Samfurin Aiki ga Ɗalibai Masu Naƙasa

Gwajin samfurin aiki hanya ce ta auna dacewar mutum da wata sana'a. Akan miƙa masa ɗan yanki na aikin, kamar ɗaure noti, jera takardu ko haɗa wayoyin lantarki, sannan a ƙirga lokacin da ya ɗauka da kurakuran da ya yi. Hujjar masu shi ita ce gani ya kori ji, domin jarrabawar biro da takarda takan danne makaho, kurma da wanda karatu ke yi wa wuya.

A Amurka hanyar ta kafu. Wata cibiyar kula da naƙasassu a birnin New York ta soma tsarin TOWER a 1936. Ƙungiyar JEVS ta Filadelfiya ta biyo baya da nata, sai tsarin Valpar daga Arizona a shekarun 1970. Dokar 1975 da ta wajabta ilimantar da yara masu naƙasa, da dokar IDEA ta 1990 da ta tilasta shirya su don rayuwar bayan makaranta, sun sa gwajin ya yaɗu a makarantu.

Tun da daɗewa ake muhawara kan ingancinsa: shin makin ɗalibi yana nuna yadda zai yi a wurin aiki? Sau da yawa da saurin ma'aikatan masana'anta ake gwada nasa, alhali ranar ya fara taɓa kayan. A farkon shekarun 1970 wani mai bincike, Marc Gold, ya koya wa masu naƙasar ƙwaƙwalwa haɗa birkin keke, ƙarfe bayan ƙarfe, har suka ƙware, ko da yake an riga an yanke musu ƙauna. Ko a tsakanin sauran ma'aikata, alƙaluman ingancin sun sauka: masu bincike Schmidt da Hunter sun ba da 0.54 a 1998, Roth da abokansa suka samu 0.33 a 2005.

Wannan ya sa ƙwararru suka karkata ga kallon ɗalibi a ainihin shago ko ofis, tare da mai koya masa. Gwajin samfurin aiki yana nuna abin da hannun ɗalibi ya iya a yau. Ba ya nuna iyakar abin da zai iya koya, don haka bai kamata a rufe wa yaro ƙofar sana'a da shi kaɗai ba.