Daga Gidan Fatoma Zuwa Hayar Kwana



Bara aka ba wani abokin aikina takardar tashi daga gidan da ya shekara tara yana haya a Kano. Bai taɓa gaza biya ba. Mai gidan ne ya lissafa ya ga hayar kwana ta fi hayar shekara tsoka. Wannan ya tuno mini hirar kakana, mutumin Kabo, wanda kan ɗora wa jakuna kaya ya hau hanyar Gwarzo, ya shiga birni ta Ƙofar Kabuga, ya zarce gidan fatomansa.

Saukar baƙi don samun abin masarufi tsohuwar sana'a ce a Kano. Tun da Sarki Muhammadu Rumfa (1463-1499) ya kafa Kasuwar Kurmi, unguwannin da ke kewaye da ita suke cike da fatake. A 1851 Baturen nan Barth ya tarar da Larabawan Gadamas zaune wajen Dala. Ayarin Azbinawa kan sauka a Fagge, ita kuwa Alfindiki an ce daga kalmar Larabci mai nufin masauki ta samo sunanta.

To, amma fatoma a gidan yake kwana da iyalinsa. Shi ke ciyar da baƙo, ya ajiye masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya ci la'ada. In baƙo ya yi ɓarna, shi mai unguwa zai kira. Saboda haka baƙi suka yi yawa, unguwa kuma ba ta watse ba.

Hayar kwana ta zamani ta ɗauki wani salo. A 2008 aka kafa kamfanin Airbnb a Amurka, inda mutum kan kama gida ta intanet, sau da yawa ba tare da ya ga mai shi ba. A biranen da masu yawon buɗe ido ke tururuwa, masu gidaje suka riƙa sallamar 'yan hayar shekara. Tsohon birnin Benis na Italiya, mai mutum kusan 175,000 a 1951, ya koma ƙasa da 50,000 a 2022, kuma hayar kwana na cikin dalilan. A 2024 hukumar birnin Basalona ta Sifen ta sanar za ta soke lasisin irin waɗannan gidaje kusan 10,000 kafin ƙarshen 2028.

Mu ba mu kai can ba, amma abin ya kama Legas da Abuja, ga shi yana leƙo Kano. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Gidan da ake sauya masa baƙo kullum, wa zai fito daga cikinsa ran suna ko jana'iza? Wa zai tsawata wa yaran layi?

Da yawanmu yanzu mun fara gini. Mai son saukar baƙi ya yi, halal ne, amma ya yi irin na fatoma: ya san wanda ya sauka, maƙwabta kuma su san ƙofar da za su ƙwanƙwasa.

Allah ya sa mu dace, amin.