Leda Uku a Aljihun Yayana: Tarihin Giya da Gargaɗi a Ƙasar Ƙonni

Ƴan uwa ɗalibai, wata ƴar leda ce ta sa ni wannan rubutu. Bara, bayan babbar salla, yayana mai kabu-kabu ya faɗi da babur tsakanin Ƙonni da bakin iyaka. Allah ya tsare ransa, amma ƙafar dama ta karye wuri biyu, har yau da sanda yake tafiya. Da na je ɗauko kayansa, sai na tarar da ledoji uku cikin aljihun rigarsa, biyu fanko, ɗaya cike. Barasa ce mai ƙarfi, irin wadda kuɗinta bai kai na kwanon shinkafa da wake ba. A bayanta akwai rubutun Ingilishi mitsi-mitsi da alamar 18+. Na nuna masa a gadon asibiti, na ce, "Yaya, ka taɓa karanta wanga?" Ya ce, "Mi zan karanta, ni da ko aji uku ban kai ba? An dai ce mini maganin sanyi da gajiya ne."

Tun ran nan nake tambayar kaina: wa aka rubuta wa wannan gargaɗi? Neman amsa ya kai ni ga tarihi.

Hana giya ba baƙon abu ba ne a nan. A Maratta, kusa da Galmi, aka haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a 1754, kuma ba yaron makarantar allo da bai san hukuncinta ba. Azna kuma suna da tasu ta hatsi, wadda ake dafawa a gida don bukukuwa. Wannan ba ta da kamfani, ba ta da allon talla.

Dokar giya ta takarda Turawa suka zo da ita. A 1890 ƙasashensu sun sa hannu kan yarjejeniyar Burusel, wadda ta ce a yankin Afirka da barasar kwalba ba ta riga ta bazu ba, a hana shigo da ita. Ƙasarmu tana cikin faɗin da yarjejeniyar ta shafa. Amma an bar ƙofa: Bature yana iya shigo da abin da zai sha. A 1919 suka sabunta ta a Faransa. Ingilishi sun sa Arewacin Nijeriya cikin yankin hani, alhali a Kudu harajin barasa shi ne kaso babba na kuɗin gwamnatinsu. Kun ga ke nan, inda abin ke kawo kuɗi an bar shi. Kuma kada mu manta, shekara tara bayan Burusel, a Mayun 1899, sojojin Voulet da Chanoine suka ƙone Birnin Ƙonni suka kashe mutane masu yawa. Masu cewa suna kare lafiyarmu ke nan.

Bayan mulkin kai a 1960, giya ta samu masana'anta a cikin gida. Kamfanin Braniger na Yamai ya yi Bière Niger, wadda mutane ke ce wa "Conjoncture", da hoton raƙumin dawa a jikin kwalba. Ku riƙe wannan hoto, zan dawo kansa.

Sai shekarar 2000. Zamfara ta fara aiki da shari'a a watan Janairu, Sakkwato ta bi baya, aka rufe mashaya. To daga Sakkwato zuwa Ƙonni bai kai kilomita 100 ba, daga Illelar Nijeriya kuwa (ba tamu ta hanyar Tawa ba) ƴan mintoci ne a babur. Masu sha da masu sayarwa suka ƙetaro garuruwan iyaka irin namu da na ƙasar Maraɗi. Innata takan ce, "Lokacin nan, ran Asabar sai ka rantse rabin motocin garin ga masu lambar Nijeriya ne." A Nuwamban shekarar, lokacin zanga-zangar ƙin bikin nunin tufafi na FIMA, an kai wa mashaya farmaki a Maraɗi. An hana a can, ta ɓullo a nan: an gudu ba a tsira ba.

Yanzu zamanin leda ne. Hukumar NAFDAC ta Nijeriya ta yi yarjejeniya da kamfanoni a 2018 cewa za a daina ƙulla barasa a leda da ƙananan kwalabe. Wa'adin ya cika ƙarshen Janairun 2024, kamfanoni da ma'aikatansu suka yi ca, aka ɗage. Mu da ke bakin iyaka mun san duk abin da aka ƙulla can, gobe yana kan teburin mai tireda a tasharmu.

To, gargaɗin jikin kwalba yana aiki kuwa? Amurka ta wajabta shi tun 1989, da ƙananan haruffa. Bincike ya nuna mutane sun san yana nan, amma shan bai ragu a zo a gani ba. Faransa ta yi dokar Evin a 1991 ta taƙaita talla, sannan daga 2007 kwalabe suka fara ɗaukar gargaɗin mata masu ciki, galibi ɗan hoto ƙarami. Gwajin da ya fi jan hankalina shi ne na garin Whitehorse a arewacin Kanada, ƙarshen 2017. An manna wa kwalabe takarda rawaya mai jan baki, ɗaya tana cewa giya na jawo ciwon daji, har da na nono da na hanji. Ba ƙarya ba ce, tun 1988 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cewa giya na jawo ciwon daji. Cikin wata guda kamfanoni suka matsa aka dakatar, aka dawo ba tare da maganar ciwon dajin ba. Duk da haka cinikin ya ragu da wajen kashi 6 cikin 100. Ailan ta yi doka irin wannan a 2023, za ta fara aiki a 2026, ita ma aka ɗage zuwa 2028.

Abin da na fahimta shi ne, gargaɗi yana aiki in babba ne, yana da launi, ya faɗi cutar da sunanta. Da ba ya aiki, da kamfanoni ba su ɓata lokacinsu wajen yaƙarsa ba.

Yanzu mu dawo kan raƙumin dawa. Mai talla ya san mu. Da hoto yake mana magana, da launi, da bakin mai tireda da ke cewa "yana ƙara ƙarfi". Hoto kowa na karanta shi, har wanda bai taɓa shiga lakkal ba. Mai gargaɗi kuwa da Ingilishi ko Faransanci yake raɗa, a bayan leda. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce giya ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 2.6 a 2019. Yayana saura ƙiris ya shiga irin wannan lissafi, bai kuma taɓa ganin gargaɗi ɗaya da harshensa ba.

Wani zai ce, "Ai haramun ce, mi ne na gargaɗi?" Gaskiya ne haramun ce. Amma kunyar ambaton abin ita ta sa ƙannenmu ke jin labarinsa daga bakin mai sayarwa kaɗai. Nijar ta yi dokar yaƙi da taba a 2006, ta hana tallarta. In an iya da taba, ana iyawa da barasa: a hana ledar, a sa hoto babba, a yi bayani da Hausa a rediyo da tasha.

Kafin hukuma ta motsa, ga shawarata ga ƙungiyarmu. Mu rubuta gargaɗin da kanmu, da boko da ajami, mu buga shi a injin da ke buga wannan ɗan littafi, mu kai wa ƴan kabu-kabu na Ƙonni da Malbaza da Illela. Na gaya wa yayana, ya ce in an buga a ba shi ashirin, shi zai raba a tsohuwar tasharsu.