Daga Kogi Zuwa Tafkin Gini: Tarihin Gwanayen Ninkaya

Iyo tsohon abu ne a wajen duk al'ummar da ta zauna bakin ruwa, amma gasar ninkaya mai agogo da alƙalai da kundin ajiye sunan wanda ya kafa tarihi ba ta cika shekara 200 ba. A Ingila aka soma tsara ta, wajen shekarun 1830, lokacin da wuraren wankan jama'a suka yawaita a Landan har ƙungiyoyi suka fara shirya tsere. Turawan wancan zamani salo ɗaya suka fi amincewa da shi, wato iyon kwaɗo: ƙirji a ruwa, kai a sama, hannuwa biyu na buɗewa tare, ƙafafu na harbawa a hankali. A ganinsu iyon mutunci ke nan.

A 1844 wasu 'yan asalin Arewacin Amurka biyu, 'yan ƙabilar Ojibwe, suka yi tsere a wani wurin wanka a Landan. Sun riƙa saran ruwa da hannu ɗaya bayan ɗaya, ƙafafunsu na dukan ruwa sama da ƙasa, suka yi gudun da ya ba 'yan kallo mamaki. Jaridu suka yaba saurin, suka kushe salon, wai fantsama ruwa ne irin na marasa wayewa. Ingila ta ci gaba da iyon kwaɗonta kusan shekara 30, sai a 1873 John Trudgen ya zo da wani salon ɗaga hannu sama da ruwa wanda ya koyo a wajen mutanen Kudancin Amurka, ya shiga lashe tsere da shi. Wannan ya zama al'adar wasan na tsawon lokaci: dabara ta fito daga masu rayuwa cikin ruwa, suna da lambar yabo su tafi ga masu ƙungiya da agogo.

Gwarzon farko da duniya ta sani a wannan fage matuƙin jirgin ruwa ne, Kyaftin Matthew Webb. Ranar 24 ga Agusta 1875 ya shafe jikinsa da kitse saboda sanyi, ya faɗa teku a Dover, ya nufi Faransa. Mashigin da ya raba ƙasashen biyu bai wuce kilomita 34 ba in an miƙe, amma igiyar ruwa ta yi ta karkatar da shi har ya yi kusan ninkin haka. Ya taka ƙasa kusa da Calais bayan awa 21 da minti 45, duk da iyon kwaɗo. Ingila ta ɗauke shi sama, aka buga hotonsa har a kwalin ashana. Sai da aka shekara 36 kafin wani ya sake ƙetare mashigin. Shi kuwa Webb shahara ta zame masa hanyar cin abinci, dole kullum ya nemo abin da ya fi na jiya haɗari, kuma a 1883 ya halaka yana ƙoƙarin ratsa mahaukacin ruwan da ke ƙasan gangaren Niagara.

Gasar Olamfik ta farko a Athens a 1896 ma a teku aka yi ninkayarta, a gaɓar Zea, cikin ruwa mai tsananin sanyi da raƙuman ruwa. Jirgi ne ya kai masu tseren mita 1200 cikin teku ya sauke su, kowa ya nemi gaɓa. Alfréd Hajós na Hangari, ɗan shekara 18, ya ci wannan tseren da na mita 100. Abin da ya sa ya koyi iyo tun farko shi ne mahaifinsa ya nutse a kogin Danube yana ɗan shekara 13. Daga baya ya zama mai zanen gine-gine, kuma shi ya zana babban wurin ninkaya na tsibirin Margaret a Budapest. A Paris a 1900 kogin Seine aka shiga, ruwa na tura masu tsere ta baya, har da tseren hawa kan kwale-kwale da bi ta ƙarƙashinsa. Lokutan da aka rubuta a irin waɗannan wurare ba sa kwatantuwa da juna, domin kowane ruwa da halinsa. Shi ya sa a 1908 aka haƙa tafki mai tsawon mita 100 a tsakiyar filin wasa a Landan, aka kuma kafa hukumar ninkaya ta duniya, FINA, don daidaita dokoki da tabbatar da tarihin da aka kafa. Tafki mai mita 50 da igiyoyin raba layi, wanda aka sani yau, a Paris aka fara amfani da shi a Olamfik, a 1924.

Iyon sara, wanda aka raina a 1844, ta tsibiran tekun Fasifik ya dawo. Wani yaro daga tsibiran Solomon, Alick Wickham, ya nuna shi a Sidni, 'yan gidan Cavill na Ostireliya suka goge shi suka yaɗa. Wanda ya kai shi ƙololuwa shi ne Duke Kahanamoku, ɗan asalin Hawaii da ya tashi a bakin tekun Waikiki. A 1911 ya yi tseren yadi 100 a tashar jiragen ruwan Honolulu, ya rage fiye da daƙiƙa huɗu daga tarihin duniya. Jami'an wasanni na Amurka suka ƙi yarda, suka ɗora abin a kan igiyar ruwa da kuskuren masu riƙe agogo. Shekara ta zagayo ya ci zinare a Stockholm, ya sake ci a Antwerp a 1920, gardama ta ƙare. Shi ne kuma ya yaɗa wasan hawa igiyar ruwa da allo zuwa Ostireliya da Kalifoniya, kuma a 1925 ya ceto mutum takwas da allonsa bayan jirginsu ya kife a gaɓar Kalifoniya.

Wanda ya karɓe kambin daga hannunsa Johnny Weissmuller ne, ɗan baƙin haure da ya girma a Chicago. A Yulin 1922 ya zama mutum na farko da ya yi mita 100 cikin ƙasa da minti ɗaya, daƙiƙa 58.6. Ya tara zinare biyar a 1924 da 1928, sannan ya koma fim ya fito a matsayin Tarzan sau 12, har jama'a da yawa suka manta cewa a ruwa ya fara suna.

Mata sai a 1912 aka bar su shiga ninkayar Olamfik, inda Fanny Durack ta Ostireliya ta ci mita 100. Ra'ayin cewa jikin mace ba zai jure dogon zango ba ya daɗe, kuma Gertrude Ederle, 'yar wani mahauci a New York, ita ta rushe shi. Ranar 6 ga Agusta 1926 ta taso daga Faransa da iyon sara, cikin teku mai hargitsi, ta isa Ingila cikin kimanin awa 14 da rabi. Maza biyar ne kacal suka riga ta ƙetarewa, kuma ta fi mafi saurinsu da kusan awa biyu. Jinta, wanda dama ƙyanda ta taɓa tun tana ƙarama, ya ƙara lalacewa, ta ƙare rayuwarta tana koya wa yara kurame iyo.

Yayin da tseren gajeren zango ya koma cikin gini, dogon zango ya zauna a teku da kogi, kuma a nan ne Masarawa suka yi sarauta, abin da littattafan wasanni ba su cika ba shi haƙƙinsa ba. Mutanen da suka tashi a bakin Nilu da gaɓar Iskandariya ba su buƙaci tafkin siminti ba. A 1950, da wata jaridar Ingila ta shirya tseren ƙetare mashigin, Hassan Abdel Rehim, sojan Masar mai shekara 41, ya zo na ɗaya cikin awa 10 da minti 50, ya kafa sabon tarihi. A 1951 wani Bamasare, Mareeh Hassan Hamad, ya sake ci. Babbansu duka shi ne Abdel Latif Abou Heif, wanda ake wa kirari da Kadan Nilu. Ya ci tseren mashigin a 1955, kuma a 1963 ya ratsa tafkin Michigan a Amurka, kimanin kilomita 96, cikin kusan awa 35 bai fita daga ruwa ba. A Masar ta zamanin Shugaba Nasser sunansa ya kai na manyan mawaƙa da 'yan fim.

A cikin tafki kuwa tazarar da ke tsakanin gwanaye ta yi ta tsukewa har ido ya kasa. A Rum a 1960 masu agogo suka nuna Lance Larson na Amurka ya fi sauri a mita 100, babban alƙali ya ba John Devitt na Ostireliya zinare. Rigimar da ta biyo baya ta gaggauta zuwan allon lantarki da mai ninkaya ke taɓawa da hannunsa ya tsayar da agogo. A Munich a 1972 na'ura ta raba Gunnar Larsson na Suwidin da Tim McKee na Amurka da kashi biyu cikin dubu na daƙiƙa. Tazarar ba ta wuce 'yan milimita ba, abin da magini kansa zai iya kuskurewa tsakanin layi da layi, don haka aka tsaya a kashi ɗaya cikin ɗari, in an yi kunnen doki a raba lambar. Zamanin ya fitar da Dawn Fraser ta Ostireliya, wadda ta ci mita 100 sau uku a jere, 1956 da 1960 da 1964, ta kuma zama mace ta farko da ta sauka ƙasa da minti ɗaya. Ba ta jituwa da hukuma, aka dakatar da ita shekara 10 bayan gasar Tokyo, inda aka zarge ta da ɗauke wata tuta kusa da fadar sarkin Japan. Mark Spitz ya ci zinare bakwai a Munich, kowanne da sabon tarihin duniya.

Ba duk wanda ya hau dandamali ne ya hau da ƙarfinsa kaɗai ba. A Montreal a 1976 matan Jamus ta Gabas suka kwashe zinare 11 cikin 13. Bayan rushewar katangar Berlin takardun gwamnati suka tona cewa an daɗe ana ba 'yan wasa ƙwayoyin ƙara ƙarfi bisa tsarin hukuma, da yawansu yara mata da ba a gaya musu abin da suke sha ba, kuma wasu sun biya da lafiyarsu. Cikin waɗanda aka danne akwai Enith Brigitha ta Holan, haifaffiyar Curaçao, baƙar fata ta farko da ta sami lambar Olamfik a ninkaya. Tagulla biyu ta samu a 1976, kuma a mita 100 'yan Jamus ta Gabas ne kaɗai suke gabanta. Har yau ba a sauya sakamakon ba.

Ƙarancin baƙaƙen fata a wannan wasa ya sa an daɗe ana yaɗa tatsuniyar cewa jikinsu bai dace da ruwa ba. Tarihi bai goyi bayan haka ba. Matafiyan Turai da suka zo gaɓar Afirka ta Yamma ƙarnoni da suka wuce sun rubuta cewa mutanen wurin sun fi su iyo da nutso nesa ba kusa ba, kuma wanda ya ga kabanci a bikin kamun kifi na Argungu, inda ake tseren iyo da nutso da kamun agwagwar ruwa da hannu, ya san gwanintar na nan. Abin da ya yi ƙaranci shi ne tafki mai mita 50, da koci, da kuɗin atisayen shekara da shekaru. A Amurka ma dokokin wariya sun daɗe suna hana baƙaƙe shiga wuraren wankan jama'a. Anthony Nesty na Suriname, wanda ya yi karatu da horo a Florida, ya doke Matt Biondi da kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa a iyon malam-buɗe-littafi na mita 100 a Seoul a 1988, ƙasarsa ta sa hoton nasarar a takardar kuɗi. A ɗaya gefen akwai Eric Moussambani na Ikwatoriyal Gini, wanda ya koyi iyo a ƙaramin tafkin otal, bai taɓa ganin mai mita 50 ba sai da ya isa Sidni a 2000. Shi kaɗai ya yi zagayensa, ya kammala mita 100 da ƙyar cikin minti 1 da daƙiƙa 52.72, 'yan kallo na tsaye suna tafi. Ya ci gaba da horo ya rage lokacinsa zuwa ƙasa da minti ɗaya, ya zama kocin ƙasarsa. Simone Manuel ta Amurka ta zama baƙar mace ta farko da ta ci zinare a tseren ninkaya na mutum ɗaya, a Rio a 2016.

Michael Phelps ya wuce Spitz da zinare takwas a Beijing a 2008, ɗaya daga ciki da kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa a kan Milorad Čavić na Sabiya. Ya yi ritaya da lambobi 28, zinare 23, adadin da babu ɗan wasan Olamfik da ya kusanta a kowane fanni. A zamaninsa ne aka yi rikicin rigunan roba masu ɗaga jiki saman ruwa, waɗanda suka sa aka karya tarihin duniya sau 43 a gasar Rum ta 2009 kaɗai, har aka haramta su daga 2010.

Zinaren Afirka a tafki ya fito ne daga ƙasashe 'yan kaɗan. Penny Heyns ta Afirka ta Kudu ta ci biyu a iyon kwaɗo a 1996, ɗan ƙasarsu Chad le Clos ya doke Phelps kansa a Landan a 2012. Kirsty Coventry ta Zimbabwe ta tara lambobi bakwai, biyu na zinare a iyon rigingine, kuma a Maris 2025 aka zaɓe ta shugabar kwamitin Olamfik na duniya, mace ta farko kuma 'yar Afirka ta farko a kujerar. Tunisiya ta fitar da Ahmed Hafnaoui, ɗan shekara 18 da ya shiga wasan ƙarshe na mita 400 a Tokyo a matsayin mafi ƙarancin gudu, ya fito daga layi na takwas ya ci zinare. Kafin shi akwai Oussama Mellouli, wanda ya ci mita 1500 a Beijing. A 2008 ɗin ne aka ƙara tseren kilomita 10 na buɗaɗɗen ruwa cikin jerin wasannin Olamfik, kuma Mellouli ya lashe shi a 2012 a tafkin Serpentine na Landan, ya zama mutum na farko da ya ci zinare a tafkin gini da kuma a buɗaɗɗen ruwa.