Yadda aka gano cewa dawowar jini ma tana da nata rauni

Likitoci sun daɗe suna ganin cewa idan jijiya ta toshe, da zarar jini ya dawo an tsira. A 1960 Robert Jennings ya gwada a zukatan karnuka a Amurka, ya ga tsokar da ta yi ƙishin jini tana ƙara lalacewa bayan an buɗe mata hanya, kamar busasshiyar gona da aka sakar wa ruwa gaba ɗaya ya kwashe shukar. Iskar oksijin da ta dawo tana haifar da sinadarai masu ƙona ƙwayoyin halitta, fararen ƙwayoyin jini su taru, wurin ya kumbura.

Sai dai wani naman yana jurewa, wani kuma ya mutu. Wani ɓangare na dalilin ya fito ne daga wata 'yar tsutsa. A 1993 Victor Ambros da Gary Ruvkun suka gano wasu guntayen saƙonni a cikin ƙwayar halittar tsutsar, masu harufa kamar 22, waɗanda ba sa gina furotin, aikinsu rage ginin wasu ne. An raɗa musu suna microRNA a 2001, kuma binciken ya ba mutanen biyu kyautar Nobel a 2024.

A ganina wannan tarihi ya shafi Tambuwal da Kebbe kai tsaye, saboda amosanin jini, wato sikila. Yaron da ke kwana yana kuka da ciwon ƙashi cikin hunturu, jijiyoyinsa toshewa suke suna buɗewa, kowace buɗewa da nata rauni. An nuna haka a jikin ɓeraye a 2000. A 2010 kuma masu bincike a Jami'ar Duke suka ga cewa masu sikilar da wani microRNA mai suna miR-144 ya yi yawa a jajayen ƙwayoyin jininsu sun fi fama da ƙarancin jini, domin yana danne furotin NRF2 mai kare ƙwayar daga ƙuna.

Za a ce me wannan zai tsinana wa uwar da sai ta ɗauki ɗanta har Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato? Gaskiya ne, magungunan da aka gina kan microRNA suna matakin gwaji. Amma binciken ya riga ya koya mana cewa lafawar zafi ba warkewa ba ce, ɓarna taruwa take a ƙoda da huhu da ƙwaƙwalwa. Don haka iyaye, a hana tashin ciwon tun farko: a yawaita ba yaro ruwa, a rufe shi daga sanyi, ya kwana cikin gidan sauro, sannan a yi gwajin jini kafin a ɗaura aure.