Daga Kalangun Shata Zuwa Memori: Yadda Mai Sauraro Ke Yanke Wa Kiɗa Hukunci



Kwanakin baya wani ƙanenmu a nan Dutsin-Ma ya kira mu ɗakinsa mu ji kiɗan da ya haɗa a kwamfuta da FL Studio. Babu makaɗi, babu 'yan amshi, sai ganga mai nauyi da ke bugawa har cikin ƙirji. Mu biyar ne, kuma dukkanmu muka ce masa ya yi, wallahi ya yi. Bayan mako biyu aka sa kiɗan a wani biki a Kurfi. Da farko ba wanda ya motsa. Da aka iso inda gangar ta sauya taku sai 'yan mata suka cika fili, wurin na wucewa suka koma kujerunsu. DJ ya maimaita wannan gaɓar sau uku, ya tsallake sauran. Abin da muka ji nauyin faɗa masa, ƙafafun mutane suka faɗa: daƙiƙa 40 ne kawai ke da rai a cikin minti 4.

Wannan ya sa muka waiwayi tarihi, mu ga ta ina martanin mai sauraro ya saba isa kunnen makaɗi.

A zamanin su Alhaji Mamman Shata, haifaffen Musawa da ya rasu a 1999, hukuncin a fili ake yanke shi, nan take. An san Shata da ƙirƙirar baiti a tsakiyar wasa, kuma mai yin haka dole idonsa na kan jama'a. In baiti ya shiga, za a ji shewa, a taso a yi kari, ɗan ma'abba ya shelanta abin da aka bayar. In bai shiga ba, masu kalangu sun riga kowa sani, sai a juya. Sai dai kada mu yaudari kanmu, kyautar mai kuɗi ba koyaushe take auna kyawun waƙa ba, sau da yawa wanda aka wasa ne ke biyan kuɗin sunansa. Ma'aunin da ba ya karɓar toshiya shi ne dandali, inda 'yan mata ke rawar kalangu. Su ba ruwansu da kunyar makaɗi.

Rediyo ya raba makaɗi da fuskar mai jinsa. Bayan buɗe gidan rediyon Kaduna a 1962, martani ya koma wasiƙa da katin zaɓi sonka, ya ɗauki kwanaki kafin ya iso. Da kaset ya zo kuwa, masu kwafa a kasuwa sun fi mawaƙin sanin wace waƙa ce ke tafiya, kuma su ke cin ribar.

Kiɗan na'ura kansa, in muna neman farkonsa a yankinmu, sai mun tsallaka Nijar. A 1978 Mamman Sani ya ɗauki kiɗan da ya yi da fiyanon lantarki a Yamai, aka fitar da kaset kaɗan. Shekara da shekaru rediyo da talabijin na Nijar suna sa kiɗansa tsakanin shirye-shirye, kunnuwa sun haddace shi, amma da yawa ba su san mai shi ba. Sai a 2013 kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya sake fitar da aikin, duniya ta ji sunansa. Shekara 35 kenan.

A wajenmu, Kano ce ta buɗe ƙofar. Bayan fim ɗin Turmin Danya na 1990, masana'antar fim ta buƙaci kiɗa mai araha, sai situdiyo irin Iyan-Tama suka rungumi fiyanon Yamaha a shekarun 1990. Mutum ɗaya da na'ura ɗaya ya maye gurbin ayarin makaɗa. Da Sangaya ya fito wajen shekarar 2000, waƙarsa ta cika gidajen biki, daga nan masu sauraro suka rabu biyu. Dattawa da masana suka ce wannan ba kiɗan Hausa ba ne, kwaikwayon Indiya ne, aka laƙaba masa suna nanaye don raini. Matan gida da 'yan mata kuwa ba su yi musu da kowa ba, kaset kawai suka riƙa saye. Kasuwa ta bi su. A ganinmu kowane ɓangare na da tasa gaskiyar. Masu sayen sun fi masu sukar sanin abin da ke motsa jiki, amma bin su ido rufe ne ya sa aka shafe shekaru ana jin kusan taku ɗaya a waƙoƙi barkatai, don kowa na tsoron kauce wa abin da ya riga ya karɓu.

Wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, bayan 'yan shekaru memori da Bluetooth suka kashe kaset. Shagon cajin waya ya zama sabuwar kasuwar waƙa, mai tura waƙoƙi ya zama alƙali, domin shi ke jin ana cewa a tura min irin wadda aka tura wa wane. Ta wannan hanyar kiɗan Hama, wani mai fiyano a Yamai, ya bazu daga waya zuwa waya, sau da yawa ba tare da sunansa ba, kafin faifansa Torodi ya fito a 2015. Sannan a 2020, lokacin kullen korona, matan aure suka riƙa ɗaukar bidiyo suna taka wa mazajensu rawar Jaruma ta Hamisu Breaker. An yi ta cece-kuce a kai, amma in an duba, tsohon dandalin nan ne ya dawo, ya shiga falo.

Mu marubuta a nan aka bar mu a baya. Makaɗi na da ƙafar mai rawa, mu ba wanda ke tashi tsaye a shafi na 12 mu gane nan ne labarin ya kama. Abin da muke samu yawanci shi ne Allah ya ƙara basira, irin dai abin da mu biyar muka yi wa ƙanen namu. Mun fara gwada wani abu a zamanmu na ƙungiya: mai labari ya karanta da ƙarfi, wani ya zauna gefe yana rubuta inda aka yi dariya da inda aka fara danna waya. Ranar farko ba wanda ya tashi da fara'a.

Shi kuwa ƙanen namu, ya yi kwana biyu yana fushi da DJ, sannan ya zauna ya datse kiɗan zuwa minti 2, ya dawo da gaɓar nan farko. Ya kai wa wani mai tura waƙoƙi kusa da tasha, ya roƙe shi kada ya faɗa wa kowa nasa ne. Ranar Juma'a zai koma ya ji ko akwai wanda ya dawo nema.