Kwal Ɗin Inugu da Littafin da Lebura Bai Taɓa Gani Ba

Duk wanda ya zauna Inugu ya san mutum-mutumin masu haƙar kwal da ke shataletalen New Market. Na daɗe ina wuce shi ban tsaya na tambayi labarinsa ba, alhali kwal ɗin nan shi ya kafa garin, shi ya jawo layin dogo, layin dogon kuma ya kawo iyayenmu da shanunsu.

A shekarar 1909 ne wani Bature masanin duwatsu, Albert Kitson, ya gano kwal a yankin Udi. Aka soma haƙa a 1915, zuwa 1916 jirgin ƙasa ya fara kwasarsa zuwa Fatakwal. Mahaƙar ta gwamnatin mulkin mallaka ce, ba ta wani kamfani ba. Da farko ta hannun sarakunan da Turawa suka naɗa ake samo leburori, irin su Onyeama na Eke. Wato tun daga tushe akwai wani a tsakanin mai aiki da lissafin aikinsa.

Daga baya sai aka shigo da wani tsari wanda a ganina shi ne uwar matsalar. Hukumar mahaƙar takan rubuta ma'aikata fiye da waɗanda take bukata, kullum kuma a fitar da jerin sunayen waɗanda za su shiga rami. Mutum ya taso daga ƙauyensu da asuba, ya taka da ƙafa, ya iso ya tarar babu sunansa, ya koma gida ba ko kwabo. Wa ke rubuta jerin? Akawu. Mai karatu ya san abin da ke biyo baya idan abincin mutum ya rataya a alƙalamin wani, kuma shi ba shi da ikon leƙa littafin.

A 1949 ma'aikata suka haƙiƙance cewa suna bin hukuma bashin albashi na ranakun da aka mayar da su gida. Ƙungiyarsu, wadda Okwudili Ojiyi ke sakatarenta, ta shiga yajin aikin jan ƙafa. Hukuma ta kori wasu, su kuma suka zauna cikin mahaƙar suka ƙi fita. Gwamnati ta tsorata kada nakiyar fasa dutse da ke ajiye a wurin ta faɗa hannun matasa masu fafutukar neman 'yanci, sai ta tura 'yan sanda su kwashe ta. Ranar Juma'a 18 ga Nuwamba 1949, a mahaƙar Iva Valley, Baturen ɗan sanda F. S. Philip ya ba da umarnin harbi. Mutum 21 suka mutu, 51 suka ji rauni. Tarzoma ta ɓarke a Aba da Fatakwal da Anaca da Kalaba.

To, ga inda abin ya fi tsaya mini a rai. Kwamitin binciken da aka kafa a ƙarƙashin Sir William Fitzgerald ya ga laifin Philip, ya kuma zargi Ojiyi da sa ma'aikata su yarda da bashin da kwamitin ke ganin babu shi. Mu ɗauka ma haka ne. Ta yaya lebura zai gane? Littafin albashi yana ofishin manaja, da Turanci. Wanda ake zargi da riƙe kuɗin shi ne kuma mai riƙe da shaidar. Mu da muka tashi a kara mun san ko bashin sa ɗaya ne, dillali ba ya rubuta shi a ɓoye. Mai saye da mai sayarwa duk suna tsaye, ga shaidu. A Inugu kuwa dubban mutane ne ke shiga ƙarƙashin ƙasa a kan lissafin da ɓangare ɗaya kaɗai ke gani.

A 1950 aka kafa Hukumar Kwal ta Nijeriya. A shekarun nan ne ma wani ɗan uwanmu Bafulatanin Sakkwato, Malam Umaru Altine, ya zama magajin garin Inugu na farko, amma wannan labarin wata rana ne. Kwal bai daɗe yana tashe ba: jiragen ƙasa suka koma shan dizal, yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya tsayar da aiki, man fetur ya ɗauke hankalin gwamnati.

An ɗauki kusan shekara sittin bayan Iva Valley kafin doka ta tilasta buɗe littafin. A 2007 aka yi dokar NEITI, hukumar da ke gwada abin da kamfanonin haƙar mai da ma'adinai suka ce sun biya da abin da gwamnati ta ce ta karɓa. A shekarar ne kuma aka yi sabuwar dokar ma'adinai, wadda ta ɗora wa ofishi guda a Abuja rajistar lasisin haƙa. A 2011 dokar 'yancin samun bayanai ta ba kowane ɗan ƙasa damar neman takardar gwamnati a rubuce, a ba shi amsa cikin kwana bakwai. Wannan ci gaba ne, ban raina shi ba. Sai dai rahotannin suna lissafa kamfani da haraji ne. Yaron da ke haƙar zinariya ko kuza da diga a daji, sunansa ba ya cikin rajistar kowa.

Takardun zamanin Turawa kuwa da yawansu suna nan a reshen gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke cikin Inugu, ɗan uwan na Kaduna da na Ibadan. In Allah Ya yarda bayan Sallah zan je in duba ko akwai abin da aka rubuta game da unguwar Hausawa a shekarun kwal. Wanda kakansa ya zauna garin kafin 1950 ya taimaka mini da sunan da aka san shi da shi, don in san abin da zan nema.