Gwaji Kafin Aiki: Audugar Jazira da Gyaɗar Tanganyika

Ayyukan da ɗan Adam yake tsarawa iri iri ne. Akwai na ɗan makaranta, wanda malamin kimiyya ya ba shi ƙwayar wake ya shuka cikin gwangwani biyu, ɗaya a rana ɗaya a inuwa, ya riƙa auna tsawonsu kullum yana rubutawa. Akwai na ɗan kasuwa mai neman kafa injin niƙa, da na kamfani mai gina masaƙa, da na gwamnati mai niyyar tare kogi. Masana harkar gudanar da ayyuka sun ce abubuwa uku ne suka haɗa su duka, watau manufa, da wa'adi, da abin da za a kashe. Tun wajen shekarar 1910 wani injiniya Ba'amurke mai suna Henry Gantt ya fito da jadawalin da ke nuna ranar da kowane sashen aiki zai fara da ranar da zai ƙare, kuma har yanzu ana amfani da shi a ofisoshi. Amma jadawali kome kyansa ba ya amsa tambayar da ɗan makarantar nan ya fara da ita, watau shin abin zai tsiro kuwa? Tarihin wasu manyan ayyukan noma guda biyu da Turawan Ingila suka yi a Afirka ya nuna abin da ke biyo baya idan an tsaya an amsa wannan tambaya, da kuma idan an tsallake ta.

Na farko a Sudan aka yi shi. Kudu da birnin Hartum akwai wani makeken fili tsakanin koguna biyu, Shuɗin Nilu mai gangarowa daga duwatsun Habasha, da Farin Nilu mai fitowa daga tafkunan Afirka ta Gabas. Ana kiransa Jazira, watau tsibiri da Larabci. Ƙasarsa laka ce mai riƙe ruwa, kuma tana da ɗan gangara daga wajen Shuɗin Nilu zuwa arewa maso yamma, ta yadda in an ɗaga ruwan kogin sama kaɗan zai bi magudanai da kansa ba tare da inji ba. Tun cikin 1904 wani injiniyan ruwa, Sir William Garstin, ya ba da shawarar a tare kogin kusa da garin Sinnar. Gwamnatin Sudan ta lokacin tana neman hanyar samun kuɗin shiga, masaƙun Lankasha da ke Ingila kuwa suna neman auduga mai dogon zare irin ta Masar.

Sai dai akwai wani cikas. Masar ta dogara ga ruwan Nilu, musamman a watannin da kogin yake janyewa, saboda haka ba za a bar Sudan ta ɗebi ruwa yadda ta ga dama a lokacin ba. Tilas ne a shuka audugar wajen Yuli da Agusta, sa'ad da kogin ya cika, a tsince ta da sanyin hunturu. Ba wanda ya tabbata audugar Masar za ta yi kyau a irin wannan lokaci a ƙasar Jazira. Don haka cikin 1911 aka kafa famfo a bakin kogi a wani ƙauye da ake kira Tayyiba, kusa da Wad Madani, aka shayar da gona mai faɗin faddan 600. Faddan ma'aunin gona ne na Sudan da Masar, ya ɗara eka kaɗan. Aka raba gonar ga manoman wurin, aka zuba ido. Audugar ta yi kyau. Cikin 1913 Majalisar Dokokin Ingila ta yarda ta tsaya wa Sudan lamunin bashin fam miliyan 3, a 1914 kuma aka buɗe gonar gwaji ta biyu a Barakat. Yaƙin Duniya na Farko ya tsai da ginin madatsar ruwa, amma bai tsai da gwaji ba. A 1918 aka kafa gonar bincike a Wad Madani, bayan yaƙi kuma aka ƙara wasu gonakin famfo.

Da aka gama madatsar Sinnar cikin 1925, mai tsawon kimanin kilomita 3, shekara 14 ke nan ana noma audugar a wurin. An san lokacin shuka, an san yawan ruwan da gona take sha, an kuma sami manoman da hannunsu ya faɗa. Aka fara da faddan 300,000. Kuɗin auduga kashi uku ake raba shi, tsakanin gwamnati mai madatsa da magudanai, da kamfanin Sudan Plantations Syndicate mai gudanar da aikin, da manoma, waɗanda rabonsu ya kasance kashi 40 cikin 100. Kowane manomi an ba shi gona mai faɗin faddan 30, wadda ake kira hawasha, ya shuka auduga a sulusinta. An kuma bar masa dawar da ya noma ta zama tasa shi kaɗai, don kada iyali su rasa abinci in kasuwar auduga ta faɗi.

Hausawa da Fulani suna da hannu dumu-dumu cikin wannan aiki. Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru na Farko ya rasu, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da tafiya gabas da jama'arsa, suka zauna a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, a garin da har yau ake kira Maiwurno. Ban da su, dubban maniyyata masu tafiya Makka a ƙasa sukan yada zango a Jazira su nemi guzuri. Sun yi aikin ginin madatsa, sun haƙa magudanai, sun tsinci auduga, da yawa kuma zama ya kama su har suka haifi 'ya'ya da jikoki a can.

Gwajin da aka yi bai hana masifa zuwa ba. A farkon shekarun 1930 cututtuka biyu suka faɗa wa audugar, ɗaya mai baƙanta reshe ɗaya mai naɗe ganye, a daidai lokacin da farashi ya faɗi a kasuwannin duniya. Manoma da yawa suka bar gonakinsu. Amma da yake akwai gonar bincike da bayanan shekaru masu yawa, an gano hanyar da cututtukan suke bi. Aka sa dokar tumɓuke karan auduga a ƙone bayan girbi, aka tsawaita hutun gona, aka fito da iri mai jurewa. Aikin ya farfaɗo. A 1950 gwamnati ta karɓe shi daga hannun kamfani, kuma bayan Sudan ta sami mulkin kai a 1956 aka faɗaɗa shi zuwa yankin Manaƙil, har faɗinsa ya wuce faddan miliyan 2.

Aiki na biyu a Tanganyika aka yi shi, wadda yanzu take cikin ƙasar Tanzaniya. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu mutanen Ingila sun shiga ƙarancin man girki, har da kati ake raba musu shi. Cikin 1946 Frank Samuel, shugaban kamfanin UAC, ya kai wa gwamnati shawarar a share daji a Afirka ta Gabas a noma gyaɗa da injuna. Ministan abinci John Strachey ya rungumi shawarar. Aka aika mutum uku ƙarƙashin John Wakefield, tsohon daraktan aikin gona na Tanganyika, suka yi mako 9 suna zagayawa, galibi ta jirgin sama. Rahotonsu ya ce a share eka fiye da miliyan 3 a kan kuɗi wajen fam miliyan 24, a riƙa samun gyaɗa tan 600,000 kowace shekara. An tsara kome a takarda, har yawan ekar da za a share shekara shekara. Ba a ware ko damina ɗaya don gwaji ba, domin an ce yunwar mai ba za ta jira ba.

A farkon 1947 aka sauka a Kongwa, cikin ƙasar Wagogo, mutanen da suka fi dogara ga kiwo saboda sun san ruwan saman wurin ba shi da tabbas. Bayanan ruwan sama da aka dogara a kansu na 'yan shekaru kaɗan ne. Katafilolin da aka kawo tsofaffi ne, ragowar yaƙi, wasu daga tsibiran Filifin, kuma kafin shekara ta ƙare yawancinsu sun tsaya. Aka koma ana mai da tankokin yaƙi taraktoci. Kaya suka cushe a tashar jiragen ruwa ta Darussalam, ambaliya kuma ta yanke hanyar jirgin ƙasa. Dajin ya zama sarƙaƙiya mai saiwoyi masu taurin gaske, sai da aka ɗaura sarƙar jirgin ruwa tsakanin katafila biyu ana ja kafin itatuwa su faɗi. Ƙasar tana da yashi mai cin bakin garma, da rani kuwa takan bushe ta yi tauri kamar daɓe, gyaɗar da ta nuna ta ƙi tonuwa. An yi niyyar share eka 150,000 a shekarar farko, amma abin da aka shuka bai wuce eka 7,500 ba.

Maimakon a tsaya a sake lissafi, sai aka ƙara zuba kuɗi. A 1948 aka miƙa aikin ga wata sabuwar hukumar gwamnati, aka buɗe wuraren noma a Urambo da Nachingwea, aka kama ginin sabuwar tashar jiragen ruwa a Mtwara da hanyar jirgin ƙasa, don fitar da gyaɗar da ba a riga an noma ba. A 1949 fari ya cinye amfanin Kongwa. A watan Janairu na 1951 gwamnati ta haƙura, ta yafe asarar fiye da fam miliyan 36. Daga baya Kongwa ta zama gandun kiwon shanu, watau sana'ar da Wagogo suke yi tun kafin zuwan katafila. Hanyar jirgin ƙasan Mtwara kuwa an rufe ta a 1963.

Abin mamaki shi ne, a cikin waɗannan shekaru ne buhunan gyaɗa suke jibge dala dala a Kano suna jiran jirgi, saboda ƙarancin kawunan jirgi da taragu. Manoman ƙasar Hausa, da fartanya da ƙananan gonaki, sun riga sun gwada gyaɗa sun ga amfaninta tun da jirgin ƙasa ya fara jigilar kaya daga Kano a 1912. 'Yan Majalisar Ingila da dama sun tambayi gwamnati dalilin da ya sa ba a fara gyara hanyar ɗebo wadda take a ƙasa ba.

Duk da haka bai kamata a ɗauka cewa Jazira ba ta da aibi ba. Don amfanin masaƙun Ingila da baitulmalin gwamnati aka kafa ta, kuma manomi ba shi da ta cewa game da abin da zai shuka, sai da dokar 2005 ta ba shi zaɓi. Ruwan magudanai ya yaɗa tsargiya da zazzaɓin cizon sauro. Yawancin ma'aikatan da suka zo daga yamma sun zauna a 'yan unguwanni a gefen gonaki ba su da hawasha tasu. Tun daga shekarun 1970 laka da ciyawa suka riƙa toshe magudanai saboda rashin kula, amfanin gona ya ragu, sa'an nan yaƙin da ya ɓarke a Sudan cikin 2023 ya kai Wad Madani ya tarwatsa manoma masu yawa. Gwajin Tayyiba ya amsa tambayar ƙasa da ruwa da iri, amma bai amsa ta adalcin rabo da ta kulawa bayan gini ba.

A yau ƙa'ida ce a wurin bankunan raya ƙasa da manyan kamfanoni cewa a binciki yiwuwar aiki, a kuma gwada shi ƙanƙane, kafin a saki kuɗi, kuma labarin gyaɗar Tanganyika yana cikin misalan da ake koya wa ɗaliban wannan fanni. Hausawa sun ce gani ya kori ji. Gonar Tayyiba ba ta kai kashi ɗaya cikin dubu uku na faɗin Jazira ba, amma a cikinta aka ga abin da ya sa aka yarda a tare Shuɗin Nilu.